Matar da ke ɗauke da iguwana a ka: hoton Juchitán ya faɗi gaskiyar matan garin kuwa?

Malam Sani Ɗanbatta:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske game da hoton da Graciela Iturbide, mai ɗaukar hoto ’yar Meziko, ta ɗauka a shekarar 1979 a garin Juchitán na jihar Oaxaca, a kudancin Meziko, inda wata mata ta ɗago fuska cikin isa, manyan ƙadangarun da ake kira iguwana sun taru a kanta tamkar rawanin sarauta. Shin haka al'adar garin take, ko shirya matar aka yi? Kuma ana iya cewa hoton ya mutunta ta, ko ya mayar da ita abin kallon baƙi?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Matar ’yar kasuwa ce daga ƙabilar Zapotec, kuma kayan sayarwarta ta ɗauko a ka, domin mutanen yankin suna cin naman iguwana, kuma a kasuwa ake sayar da su da ransu. Abin da Iturbide ta ƙara shi ne zaɓi. Ta ɗauki hoton daga ƙasa har matar ta cika firam ɗin, ta zaɓi lokacin da dabbobin suka ɗaga kawunansu, sannan ta raɗa masa suna Nuestra Señora de las Iguanas, wato “Uwargijiyarmu ta Iguwana” a harshen Sifaniyanci, irin laƙabin da mabiya Katolika ke ba Nana Maryama. Wannan suna ne ya ɗauke ’yar kasuwa ya ajiye ta a matsayin waliyyai, kuma a ganina da gangan aka yi hakan, a ƙasar da aka daɗe ana raina ’yan asalinta.

Ya kamata a lura cewa Iturbide ba baƙuwar yini ɗaya ba ce. Mai zane Francisco Toledo, wanda tushensa Juchitán ne, shi ya gayyace ta, ta kuma yi kusan shekara goma tana komawa, tana zama da matan a kasuwa da wuraren bukukuwansu.

Alhaji Isa Maraɗi:
Hajiya, na yarda da bayaninki, amma tambayar Malam ta biyu tana nan daram. Irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen yaɗa labarin cewa mata ne ke mulkin Juchitán, alhali akwai matan garin da suka ƙi wannan siffa. Riƙe kasuwa da kuɗin cefane daban yake da riƙe kujerar mulki, kuma wahalar da mace ke sha kafin ta kai kayanta rumfa ba ta fito a hoton ba.

Hajiya Rabi:
Gaskiya ne, Alhaji, hoto ɗaya ba ya ɗaukar rayuwar gari. Sai dai a duba zamanin da aka ɗauke shi: shekara biyu kacal bayan ɗaukarsa, a 1981, ƙawancen ma'aikata da manoma da ɗalibai na COCEI ya kayar da jam'iyyar PRI, mai mulkin Meziko a lokacin, a zaɓen ƙaramar hukumar Juchitán, kuma matan kasuwa, cikin rigunansu masu adon furanni, suna sahun gaba a tarukansa. Isar da ke fuskar matar tana da tushe a garin. Abin da ya fi gamsar da ni kuwa shi ne yadda mutanen Juchitán suka karɓi hoton a matsayin nasu, har suka gina wa matar mutum-mutumi a cikin gari, suna kuma zana ta a bangaye.

Malam Sani Ɗanbatta:
Na gode, Hajiya da Alhaji. Batun mutum-mutumin ya amsa mini rabin tambayata. Abin da ya rage min shi ne ko matar da iyalanta sun amfana da kuɗin da hoton ya jawo a gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka.