Tambaya a kan sunan Tanko

Maman Habiba, Asawase: Assalamu alaikum. Allah ya ba ni ɗa namiji bayan 'ya'ya mata uku, an raɗa masa suna Abubakar, amma tun ranar suna surukata ba ta kiransa da komai sai Tanko, har 'yan gidan suka ɗauka. Ina roƙon masana su bayyana mini ma'anarsa da asalinsa.

Malam Sani, Aboabo: Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Tanko sunan Hausa ne tsantsa, ba shi da tushe a Larabci, kuma ana laƙaba shi ne ga yaron da aka haifa bayan mata sun jeru, kamar yadda ake kiran yarinyar da ta biyo bayan maza Kande. Sunan yanka yana nan daram, laƙabin yana tuna matsayin yaron ne a cikin ɗakinsu.

Hajiya Ladidi, Sabon Zango: 'Yata, ki kwantar da hankalinki. Iyayenmu sukan yi alkunya, ba sa ambaton sunan miji ko na mahaifi, don haka idan yaron ya ci sunan ɗayansu, laƙabi ne mafita. Ki bincika, wataƙila Abubakar sunan maigidan surukar taki ne.

Malam Sani: Gaskiya ne, Hajiya. Sai dai a yau sunan yakan shiga takardun makaranta ya zama na dindindin, kamar na Ibrahim Tanko, haifaffen Kumasi da ya buga ƙwallo a Borussia Dortmund ta Jamus.