Tun da na dawo birni tilawata ke zubewa, ko ni kaɗai ne?

Ɗan Mashi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A wani ƙauye na ƙasar Mashi na tashi, can na yi hadda. Da can in na zauna gindin bedi bayan asuba, izu biyar nake biyawa ban ɗaga kai ba. Yau shekara biyu ke nan ina ɗinki a shagon yayana kusa da Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, izu guda sai na tsaya sau uku ko huɗu. Ga hon ɗin 'yan Keke Napep, ga janareton mai walda a bayanmu, ga lasifikar mai maganin gargajiya tun hantsi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ko da dare in gari ya yi shiru zuciyar ba ta zama wuri guda. Makon jiya na ɓata wa wani shadda, awon da na ɗauka da hannuna ya ɓace mini ina riƙe da almakashi. Birnin ne ke yi mini haka, ko wani ciwo ne?

Malama daga Daura ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba kai kaɗai ba ne, ni ma ina gani a ajina. An yi bincike a kai tun 1975 a birnin New York na Amurka, a wata firamare da jirgin ƙasa ke wucewa ta gefenta. Yaran azuzuwan da ke kallon layin dogo sun kasance baya a karatu, na ɗaya ɓangaren sun fi su, alhali makaranta ɗaya ce. Da aka sa roba a layin, aka gyara silin azuzuwan don rage ƙara, sai ratar ta ɓace.

Masana sun ce hankali iri biyu ne: wanda kake tattarowa da kanka don tilawa ko yankan yadi, da wanda ake fizge maka ba ka shirya ba. Na farkon yana gajiya kamar yadda ƙafa ke gajiya a kan keken ɗinki. Duk hon da aka danna sai ka kashe ƙarfi wajen kawar da shi, shi ya sa kake isa gida ba abin da ya rage. A 2008 a Jami'ar Michigan an sa ɗalibai tafiyar kusan minti 50, wani lokaci cikin itatuwa, wani lokaci a titin tsakiyar gari, sannan aka gwada su da maimaita lambobi daga ƙarshe zuwa farko. Bayan tafiyar cikin itatuwa ne riƙonsu ya fi ƙaruwa.

Tsohon Gardi ya amsa:

Malama, Allah Ya ƙara ilimi. Yaro, ai ka san wannan, sai dai ka mance. Me ya sa malamanmu ke tura gardawa kiskadi? Mu ɗauki allo da buta mu bar gari, kowa ya sami inuwarsa, ba mai yi wa wani magana sai rana ta take. Ba don horo ake yi ba, sun san karatu ba ya zama inda ido da kunne ke yawo. Yanzu dai ba zan ce ka kutsa daji ba, ka san halin da ake ciki na tsaro. Amma bakin gonaki na kusa da gari bai gagare ka ba.

Mai Shagon Caji ya amsa:

Ni fa ban yarda a ɗora wa birni laifin duka ba. A cikin Katsina aka haife ni, kusa da Gobarau, kuma kakana a nan ya rubuta Alƙur'ani da ka. Malam, tsakani da Allah, ƙarfe nawa kake ajiye waya? Wayoyin da ake kawo mini caji ba sa minti biyu ba su yi ƙara ba. Wanda ya kai sha biyun dare a TikTok, ga zafi ba wuta, ya tashi asuba, ko Mashi ya koma ba zai biya izu biyar ba.

Ɗan Mashi ya sake rubutawa:

Na gode muku. Yayana mai caji, maganarka ta taɓa ni, don a ƙauye ƙaramar waya gare ni, nan na sayi babba, kuma da ita nake kwana. Amma zamanin kakanka babu janareto a bayan ɗakinsa, wannan ma a duba. Baba, rabona da jin kalmar kiskadi har na mance, sai da idona ya kawo ruwa. Ranar Juma'a ba ma buɗe shago sai an sauko masallaci. Zan bar wayar a gida, in hau mashin ɗin yayana in fita ta hanyar Daura, inda gidaje suka ƙare, in gwada izu biyu tukuna. Malama, ranar guda a mako za ta yi wani abu kuwa, ko sai kullum?