Matasan fada ne ke haɗa kan Yamai?

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum. Abin da na faɗa jiya a fada, inda mu samari ke zaman shayi, shi zan maimaita: babu abin da ke haɗa Bazabarme, Bahaushe, Bafulatani da Buzu a garin nan kamar yasar kwata. Asabar uku muka yi muna kwashe leda da yashi kafin damina. Wanda ya ja mu yaro ne Bagurmance, Hausarsa ma ba ta nuna ba, amma da ya ce a ɗauki shebur kowa ya ɗauka. Tarukan zaman lafiya na cikin otal ba su taɓa yin haka ba. A ba matasa gaba kawai.

Baba Tsohon Samariya: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Sai dai ba ku kuka fara ba. Zamanin Seyni Kountché mu 'yan Samariya, ƙungiyar matasa ta lokacin, muka buga tubali, muka share gari, kuma tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. Kafin mu ma gayya tana nan. Amma ba mu taɓa fita aiki ba sai da sanin mai unguwa da liman. Ku ko sallama ba ku zuwa ku yi.

'Yar Harobanda: Baba, ka yi haƙuri, zan shiga. A Satumbar 2020 da madatsar bakin kogi ta unguwar Lamorde ta fashe, ruwa har ɗakinmu. Samarin da suka tsallako gadar Kennedy suna ɗaukar buhunan yashi da tsofaffi a baya, ba wanda ya aike su, ba wanda ya tambayi ƙabilar wani. Da idona na gani. Amma Yaya na Bukoki, ban yarda da kai duka ba. Da ruwa ya janye kowa ya koma fadarsa. Kuma mu mata ba ma zaman fada, alhali mu ke sharar ƙofar gida kullum safiya. In an ce "matasa", da mu ake nufi?

Ba'adare: Ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni ɗan jihar Tawa ne. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, galibi mata suka ɗauki duwatsunsa a ka, maza sun tafi ci-rani. A kwarin Majiya kuma tun 1975 aka jera dogon yaro don tare iska. Abin da muka koya a can shi ne dasawa ba ta da wuya. Wuyar tana zuwa ranar da itacen ya girma: na wa ne, wa zai sare reshe, awakin wa za a kora? Na ga samari da zuciya ɗaya sun kewaye fili da ƙaya sun dasa itace, ashe burtali suka toshe. A wurinsu gyaran ƙasa suka yi, a wurin makiyayi an ƙwace masa hanya ne. Saura ƙiris a zubar da jini. Ɗan Bukoki, aikin da ka ce yana haɗa kai, shi ne kuma yake iya rabawa in ba a zauna da mai dabba tun farko ba.

Ɗan Bukoki: Na ji, Yaya, wannan ban yi tunaninsa ba. Amma Baba, ka duba dajin da aka kewaye Yamai da shi tun 1965, kusan hekta 2,500. Yau ina yake? An yayyanka filaye, saura ya zama juji. Ba yaran fada suka sa hannu a takardun ba. Dokar hana leda tana nan tun 2014, ga leda rataye a kowace ƙaya. In muka jira manya, damina za ta riske mu.

Baba Tsohon Samariya: Maganar dajin nan gaskiya ce, kuma tana yi mini ciwo, don da hannuna na ba wasu itatuwansa ruwa. Ban ce ku jira ba, ɗana. Ku ja gaba, ƙarfin yana hannunku. Amma ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ku zo in raka ku wurin mai unguwa, a kira ardon Fulanin da ke shigowa da shanu ta gefenku, ya nuna muku hanyarsu kafin ku haƙa rami ko ɗaya.

'Yar Harobanda: A kira shugabar matan unguwa ita ma. Kuma ku rubuta sunan wanda zai shayar da kowane dashe a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Namu na bara guda biyu suka tsira, su ma don wata Inna mai ƙosai tana zuba musu ruwan wanke wake.

Ɗan Bukoki: To, Juma'a in sha Allah. Ƙanwata, ki zo da matan, ke za ki fara magana.