Tsamin jiki da Turanci: sore, aching ko tender?

Assalamu alaikum. Malaman Turanci da ma'aikatan lafiya, ku taimaka mini.

Ina koyon aiki a ƙaramin asibitin ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, kuma da Turanci muke cike katin mara lafiya. Jiya wani dattijo ya zo, kwana 3 yana yankan gero. Na ce, "Baba, yaya ciwon yake?" Ya ce, "Ɗan nan, ba zogi ba ne, ba raɗaɗi ba, kafaɗar ce kawai ta yi tsami." A Hausa na gane shi sarai. Da na ɗauki biro kuwa, sai na tsaya cak.

A ƙamus na ga sore, aching da tender. Yadda na fahimta, tender sai an danna wurin yake zafi, aching kuma ciwo ne mai nacewa ko ba a taɓa ba, kamar na ƙugu bayan doguwar tafiya a babur. To sore fa? Ni dai shi na fi zaton ya dace da tsami, amma na ga ana amfani da shi wa maƙogwaro, har da gyambo, shi ya sa nake ɗari-ɗari. Na Baban kuma ya haɗa biyu: yana jin sa a zaune, in na danna ya ƙaru.

A ƙarshe mild pain na rubuta, wanda ƙarfin ciwon kawai ya nuna, bai nuna irinsa ba. Wace kalma za ku zaɓa? Sannan slight da mild ɗaya ne a wurin likita?