Ƙanwata mai ƙanjamau, an ce cikinta ya rikiɗe ya zama ciwon daji

Maman Sadiya, Gadarif:
Salamu alaikum. Ƙanwata shekara huɗu tana shan maganin ƙanjamau, daga ni sai mijinta muka sani. Da yaƙi ya koro mu daga Wad Madani a ƙarshen 2023, maganin ya yanke mata wata biyar. Bana ta samu ciki, a wata na uku jini ya ɓalle, wasu ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan inabi suka biyo. Ni na wanke zanin da hannuna. Aka yi wankin ciki, aka ce babu jariri tun farko. Wata biyu ke nan gwaji yana ta nuna ciki, ga tari. Likita ya ce ragowar mabiyiya ce ta zama daji. Surukarta kuwa ta dage aljani ne ya shanye cikin. Don Allah, mai cuta biyu haka tana tashi?

Ungozoma, Kassala:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, sannu. Tana tashi da yardar Allah. Cikin cututtukan daji wannan yana sahun gaba wajen jin magani. Idan bai yi nisa ba, magani ɗaya ake bayarwa, yawanci methotrexate, kuma kusan duka suna warkewa, mahaifa na nan. Ana bin sa da gwajin jini na hCG, wato sinadarin da ke sa gwaji ya nuna ciki, har ya sauka. Abin da ke ɓata lamarin raunin garkuwa ne: likitoci a Afirka ta Kudu sun ga cewa waɗanda CD4 ɗinsu, wato adadin ƙwayoyin garkuwa a jini, ya gaza 200 sun fi shan wuya. To a auna nata, kuma kada ta ƙara tsallake maganin ƙanjamau ko kwana ɗaya. Tarin nan a ɗauki hoton ƙirji, don wannan dajin huhu ya fi zuwa, ko da yake tarin fuka ma yana bin masu ƙanjamau.

Abu Usman, Jidda:
Hajiya, shi likitan dajin ya san tana da ƙanjamau? Idan tana shan Septrin, maganin kariya daga cututtuka da ake ba masu ƙanjamau, haɗa shi da methotrexate yana iya karya jini ƙwarai.

Maman Sadiya:
Wallahi ba mu faɗa ba, Malam. Surukar tana tsaye a bakin ƙofa.

Ungozoma:
Gobe ku koma ku biyu kawai, da kwalayen magungunan a jaka. Kuma ta dakata da ɗaukar ciki shekara guda bayan gama magani, don sabon ciki yana rikita gwajin.