Fim ɗina minti 34 ne: in datse shi ko in tura shi bikin waje a haka?

Mai Kyamarar Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kammala dokumantari kan masuntan Dadin Kowa a Gombe, minti 34, maganar ciki Hausa ce da ɗan Fulatanci. Ban ɗora shi ko'ina ba. Kuɗin da na ware bai wuce na turawa wuri uku ba. Shin bukukuwan fina-finai na duniya suna nuna irin wannan, ko sai dogayen fina-finai masu jarumai? Sannan in datse shi ya dawo ƙasa da minti 30, ko in bar shi?

Kawu Edita:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai biki irin kasuwa ne, rumfa-rumfa, kowace da kayanta. Ka ɗauki na Berlin da aka saba yi a watan Fabrairu, bikin da ya fara a 1951: akwai babbar gasa, akwai Panorama, akwai Forum na masu gwada sabon salo, akwai Generation na yara da matasa, sannan ɓangaren gajeru, wanda ke karɓar na labari da dokumantari da katun. Kowane ɓangare da masu zaɓensa. Saboda haka ba da dogon fim kake takara ba, da 'yan rumfarku kake. Matsalarka tsawo ce. Gajeren fim a Berlin kada ya wuce minti 30 har da sunayen ƙarshe. A ƙa'idar Oscar kuwa minti 40 ne iyaka. Mai tsara shiri yana haɗa gajeru biyar ko shida a zama ɗaya na kamar minti 90, to mai minti 34 ya cinye gurbin fim biyu, sai ya yi kyau ƙwarai kafin a ba shi.

Ɗan Jekadafari:
Ka tura bikin Cannes na Faransa kawai. Ba a 2025 fim ɗin ɗan Najeriya Akinola Davies Jr. ya shiga can ba? Ƙofa ta buɗe.

Adda Mai Sauti:
Ɗan Jekadafari, ka karanta tambayar kuwa? Wancan dogon fim ne na labari, a ɓangaren Un Certain Regard. Gasar gajeru ta Cannes minti 15 ce iyakarta. Ƙanena, wurin irin naka IDFA ne na Amsterdam a Nuwamba, dokumantari zalla suke nunawa, ko FESPACO ta Wagadugu da aka fara a 1969, ana yi duk bayan shekara biyu, kuma tana da ɓangaren dokumantari dabam. Amma masu kallon Wagadugu Faransanci suke ji, sai ka tanadi fassararsa. A gida akwai AFRIFF a Legas, da Zuma a Abuja, da KILAF a Kano wanda harsunan Afirka ne ma abin da ya sa a gaba. Kafin duk wannan ka saurari sautinka da abin kunne mai kyau. Aikin bakin ruwa iska ke lalata shi. Hoto mai ɗan duhu ana haƙuri da shi, amma in murya na nutsewa cikin ƙarar injin kwale-kwale, minti biyu masu zaɓe za su kashe fim ɗin.

Baffan Kumo:
Duk kun tsallake abin da ke kashe yaranmu. Wani yaro ya yi gajeren fim mai kyau, wani bikin waje ya zaɓe shi da sharaɗin can za a fara nunawa a duniya. Ya ba wani ɗan wasansa kwafi a filashi don ya nuna wa iyalinsa. Daga nan ya faɗa hannun masu tura fim a waya, mako bai cika ba wani ya ɗora shi a YouTube da sunan tasharsa. Masu bikin suka bincika suka gani, suka janye gayyata. Kuɗin fom, kuɗin fassara, kuɗin fasfo, duk sun bi ruwa, yaron har yau bai sake ɗaukar kyamara ba. Wallahi abin na cina. Kada ka ba kowa kwafi, ko masuntan da kansu, in za su gani ka nuna musu a kwamfutarka ka rufe. Na masu zaɓe ka sa a shafin bidiyo na Vimeo da kalmar sirri.

Goggon Tudun Wada:
Innalillahi. Baffa, da ya sa an sauke daga YouTube fa?

Baffan Kumo:
An sauke, Goggo, amma kafin nan tashoshi uku sun kwafe. Kuma waƙar da ya sa a ƙarshe ma ba shi da takardar izinin mai ita, wannan kaɗai ya isa a dakatar da shi.

Ɗan Jekadafari:
In za a je jan kafet dai a tafi da ni, ina da babbar riga sabuwa, ni zan riƙe jakar bandar kifi 😂

Mai Kyamarar Pantami:
Allah ya kai mu, Yaya. To kuɗin turawa fa, nawa zan ƙiyasta?

Malam Furodusa:
A FilmFreeway, shafin da ake tura fim ga bukukuwa, yawanci biki yana da zango uku: na farko mai sauƙi, na tsakiya, na makara mai tsada. Gajeren fim ka lissafa dala 20 zuwa 40. In za a fita Turai kuma, biza Yuro 80.

Adda Mai Sauti:
Malam, tsohon farashi ne wannan, tun Yunin 2024 ta koma Yuro 90, ban da kuɗin ofishin karɓar takardu. Kuɗin turawa ma akwai wanda kyauta ne, akwai wanda zangon makara ya haura dala 60. Berlin da Cannes kuma ta shafinsu ake turawa. Ƙanena, ka rubuta wa biki takarda gajeriya ka nemi a yafe maka kuɗi, wasu suna yi wa masu turowa daga Afirka.

Malam Furodusa:
Adda, ke aikinki sauti ne. Maganar kasafi a bar wa wanda ya saba riƙe shi.

Kawu Edita:
Haba Malam, adadi ta kawo kuma daidai ne, ba kujera ake dubawa ba. Ɗana, in ka yanke shawarar datsewa, kada ka tsaya a minti 29. Mu nan yawanci hoto 25 a daƙiƙa muke ɗauka. In biki ya nemi DCP, wato fayil ɗin da ake nunawa a silima, mai hoto 24 kuma aka sassauta gudun, fim yana ƙara tsawo da kusan kashi 4 cikin 100, mai minti 29 sai ya koma 30 da daƙiƙa 12. Ka nufi 27. Manhajar DCP-o-matic kyauta ce, za ta haɗa maka DCP ɗin, sauti a 48 kHz. Fassarar ƙasan allo layi biyu, kowane kada ya wuce haruffa 42, ka ajiye ta a fayil na SRT, wato na rubutun fassara, dabam, kada ka ƙone ta jikin hoto, don in aka nemi wani harshe ba sai ka sake fitar da fim ba. Kuma mai jin Fulatanci ya fara juya maganar zuwa Hausa kafin a kai ta Turanci.

Goggon Tudun Wada:
Ni abin da ke damuna, ana ta maganar Berlin da Wagadugu, su masuntan yaushe za su ga kansu a babban allo? Fim kamar The Milkmaid da Hausa aka yi shi, a Taraba aka ɗauka, Najeriya ta miƙa shi gasar Oscar a 2020, amma mutum nawa a Gombe suka kalle shi ta halaliyar hanya? Katun na Afirka, dokumantarin Senegal, gajerun Masar, duk ana nunawa a waɗannan bukukuwa, mu sai labari.

Baffan Kumo:
Gidan kallon ƙwallo a kowace unguwa akwai, da janareta da benci, amma ka ce a nuna gajeren fim ranar da babu wasa, mai gidan zai tambaye ka wa zai biya kuɗin mai. In kuma ka kai masa fayil, gobe yana wajen masu turi.

Malam Furodusa:
Sai a shiga da kwamfutarka a haɗa da majigi, a fita da ita. Ɗakin taron jami'a ma zai yi, in an samu wanda zai sa hannu.

Mai Kyamarar Pantami:
Na gode ƙwarai iyayena. Amma Kawu, wurin gyaran koma da asuba shi kaɗai minti shida ne, kuma shi ne zuciyar fim ɗin. In na cire shi na sauka 28. Shi zan taɓa, ko hirar sarkin ruwa?