Yaya ake haɗa reshen lodin kaya da babban layi mai siginar zamani?

Ɗan Ƙaura:
Assalamu alaikum, masana reluwe. Layinmu na Zariya zuwa Gusau zuwa Ƙaura Namoda tun 1929 yake, kuma ƙaramin dogo ne mai faɗin milimita 1,067. A tsohon tsari, in reshe zai ratse zuwa sito ko gidan gurzar auduga, mutum ne ke jan ƙarfe da hannu ya juya makarkata, wato ɓangaren dogo mai motsi da ke karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan, ya ɗana kwaɗo. To a layin da kwamfuta ke ba da hanya, kamar jiragen birni na Legas, yaya ake shigar da irin wannan reshe? Kwamfutar tana ganin taragon da ke cikin sito?

Tsohon Shantin:
Wa alaikumus salam. Galibi ba ta gani, kuma ba ruwanta. Abin da ta damu da shi bakin reshen ne, inda ya haɗu da babban layi. Nan ake kafa iyaka.

Makarkatar bakin reshe tana ƙarƙashin na'urar intalokin, wadda ba ta bari sigina ya ba da hanya sai kowace makarkata ta zauna daidai ta kulle. Bayan ta, daga cikin reshe, akwai wata da ake kira tarko. Ita kullum a buɗe take, ta yadda in tarago ya gangaro da kansa, don an manta ɗaure birkin hannu ko yara sun cire katakon ƙafa, zai sauka daga dogo ya nutse cikin yashi kafin ya kai babban layi. Gara tarago ɗaya a ƙasa da ya tari jirgin fasinja. Su biyun tare suke motsi, in ɗaya ta ƙi, an hana hanya.

Wajen fita, mai shantin, wato mai shiga da fitar da taragu, ya kira ɗakin sarrafawa. Can za a mayar da siginonin babban layi ja ta kowane ɓangare, na'ura ta tabbatar babu jirgi a yankin, sannan makarkatun su juya, ƙaramin siginar shantin ya ba da hanya. Inda reshen ba ya aiki sosai ba a ɓata kuɗi kan injin juya makarkata: ana barin ƙarfen hannu, amma a kulle shi da makullin lantarki wanda sai ɗakin sarrafawa ya sake shi. Muddin makullin yana waje, babban layi a rufe yake. Shi ya sa wanda ya gama shantin ya tafi da makulli a aljihu ya tsayar da layi kaf.

Injiniyar Sigina:
Baba ya gama magana kan ƙarfe, bari in ƙara kan yadda ake gane jirgi, don nan ne reshe ke ba da ciwon kai.

Tsohuwar hanya ita ce a saki ɗan lantarki cikin dogayen biyu, ƙafar jirgi ta haɗe su, na'ura ta gane akwai jirgi. Reshen da sai mako-mako ake shiga kuwa kan dogonsa tsatsa ne, ga yashi, ga garin siminti. Tarago marar kaya zai tsaya a kai lantarki bai ratsa ba, allo ya nuna fili alhali ga shi tsaye. Wannan shi ne kuskure mafi muni. Taki kuma akasin haka yake yi: in ya zuba ya sha ruwan damina, lantarki ya riƙa zurarewa ta ƙasa, sigina ya maƙale a ja ba jirgi ba dalili.

Don haka ni a bakin reshe maƙirgin ƙafafu nake ba da shawara. Ana ɗaura shi a gefen dogo, ya ƙirga gatari, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafu biyu, nawa suka shiga yanki, nawa suka fita. Kan jirgi mai gatari 6 da tarago 10 masu gatari huɗu-huɗu, 46 ke nan. In 46 suka shiga, 42 suka fita, an bar tarago ɗaya. Aibinsa, in ƙafa ta tsaya daidai kansa tana gaba tana baya, yakan rikice, sai an duba layi da ido kafin a share lissafin.

Sai gwajin makarkata: a sa ƙarfe mai kaurin milimita 3.5 zuwa 4, gwargwadon ƙa'idar layin, tsakanin harshen makarkata da dogo. In ta kulle a haka, ta faɗi gwaji. A ƙasa irin tamu ƙurar hunturu ke cakuɗewa da giris ta zama kamar kwaɓin gini, don haka a kankare tsohon kafin a shafa sabo.

Ɗan Ƙaura:
Allah Ya saka, Hajiya. To kan jirgin kaya da ba shi da kwamfuta a ciki fa?

Injiniyar Sigina:
Nan gizo ke saƙa. A tsarin CBTC, wato sarrafa jirage ta hanyar sadarwa, kowane jirgin birni yana faɗin inda yake ta rediyo, shi ya sa suke bin juna kurkusa. Jirgin kaya bebe ne a wurin tsarin. Dole a bar siginonin gefen layi da maƙirgan ƙafafu dominsa, a ba shi yanki guda cur, na bayansa su jira.

Ga kuma birki. Jirgin birni da ke gudun kilomita 80 a awa zai tsaya cikin mita 250 ko kusa da haka, mai kaya kuwa yana iya haura mita 700, saboda iskar birki sai ta bi tarago bayan tarago. Tazarar siginar da aka auna don na birni ba ta isarsa, sai dai a rage masa gudu. Wasu biranen raba musu lokaci suke yi: a San Diyego ta Amurka jiragen kaya da dare suke bin layin jirgin birni, bayan an tashi daga jigilar fasinja.

Tsohon Shantin:
Ka kuma tuna da faɗin dogo, ɗana. Layin Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne, taragon Ƙaura ba zai hau shi ba ko da wane irin sigina aka sa. Sai an shimfiɗa layi biyu gefe da gefe da dandamali a tsakiya, a sauke buhu daga wannan a loda wa wancan.